Takardun da Aka Ce Ana Ƙonawa

Lahadi, 3 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na dawo daga Haikali na kasa cin abinci. Raïssa jikata ta ajiye mini tuwo da miyar yakuwa, ta koma taron matasa. Yana nan a rufe.

Da Hausa nake rubuta wannan, irin wadda aka koya mana a makarantar mishan. Yaran yanzu suna jin ta a kasuwa, amma in suka gan ta a takarda sai su yi zuru. Shekarata saba'in da tara, ban taɓa neman ɓoye rubutuna ba sai yau.

A Haikali kowa yana kawo takardar kuka sau ɗaya a mako. Mutum ya rubuta zunubinsa da abin da ke cin ransa, ya liƙe a ambulan, ya jefa a akwatin ƙarfe da ke gaban bagadi. Ran Juma'a da tsakar rana a ƙona su a fili, muna tsaye muna waƙa. Papa Olivier, shugabanmu, ya ce ba idon da ke ganin su sai na Allah. Matan da ba su yi lekol ba, wato makarantar boko, wurina suke zuwa. Su faɗa da Hausa ko Fulatanci, ni in rubuta da Faransanci. Shekara biyu ke nan. Baba Marubuci suke ce mini.

Yau ana tsakiyar wa'azi Papa ya rufe ido, ya ɗaga hannu, aka tsayar da ganguna. Brice, mataimakinsa, yana fassara. Papa ya ce, "Akwai wata mace a nan. Ta hau dutse. Ta je wurin boka mai duba da ƙaguwa saboda ɗanta da ba shi da lafiya."

Henriette mai kifin banda ta zube a ƙasa tana kuka. Ni na rubuta mata wannan maganar ran Laraba, amma ban yi mamaki ba, don na saba ganin Ruhu yana nuna wa Papa abubuwa. Sai ya ce, "Sunan ɗan Jonas."

Henriette ta ɗago kai. "Papa, Laurent ne."

"Ke ce za ki gyara wa Ruhu magana?"

Ta duba hagu, ta duba dama. Mutum fiye da ɗari biyu suna kallon ta. Ta ce, "A'a, Papa. Jonas ne."

Ɗan da ta haifa da cikinta.

Ni Jonas ɗaya na sani. Ba zan yi maganarsa yau ba.

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

An hore mu tun muna yara: ba a rubuta wasiƙa kai tsaye. Sai ka fara yin buruyo, wato rubutun gwaji, ka gyara, sannan ka kwafe a takarda mai tsabta. Haka na yi shekara talatin a ofishin auduga, haka nake yi wa matan nan. Buruyon nakan tara a kwali, in riƙa hura wuta da su.

Na zazzage kwalin da safen nan. Na samu na Henriette. Hannuna ne. Layi na huɗu: ɗana Jonas.

Ita Laurent ta ce. Na tuna sarai. Tana ba ni labarin yadda yaron ya rame, hankalina ya tafi wani wuri, hannuna ya rubuta sunan nawa ɗan. Na kwafe shi haka, na liƙe.

Allah ya san sunan ɗan Henriette. Wanda bai sani ba shi ne wanda ya karanta takardata.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Wataƙila akwai wani bayani. Ni tsoho ne. Na tura takardar ƙarƙashin katifa.

Talata, 5 ga Maris, bayan la'asar

Raïssa ta zo daga shagon ɗinki, zare duk a jikin zanenta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Maigida, wannan rigar taka ta girmi gadar Binuwai. Ranar da zan kai ka ƙara, ita ce shaidata."

"To amarya, ki ɗinka mini wata mana. Ko keken naki na samari ne kawai?"

Ta yi dariya, ta wanke mini kofuna, ta ƙirga ƙwayoyin hawan jini ta ga ban tsallake ba. Tun da Aurélie matata ta rasu, muryar Raïssa kaɗai ke shiga ɗakin nan ba da wata buƙata ba. Da za ta tafi ta tsaya.

"Kaka, ka ji sunan Baba ran Lahadi?"

Na ce na ji.

"Jikina duk ya yi sanyi. Papa ya ce in je in gan shi ran Asabar. Ya ce ba banza sunan ya fito ba."

Na buɗe baki. Na ce ta gaishe shi.

Alhamis, 7 ga Maris, tsakar rana

Mata huɗu jiya, uku yau. Na rubuta musu. Ɗaya ta faɗi abin da ko mijinta bai sani ba, tana magana tana kallon bik ɗin da nake rubutu da shi kamar mai kallon allurar likita. Da ta gama ta ce, "Kai, na ji sauƙi, Baba. Gobe wuta ta cinye."

Da rana Brice ya zo a moto, wato babur, ya ɗauki akwatin, kamar kowace Alhamis. Akan kai shi gidan Papa ya kwana a ɗakin addu'a kafin a ƙona. Shekara biyu ina ganin wannan moton yana tafiya da akwatin a bayansa.

Lahadi, 10 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Ba zan rubuta duk abin da Papa ya faɗa ba.

Ya ce Ruhu ba ya kuskure. Ya ce makon jiya abu biyu aka nuna masa a haɗe, yanzu an raba masa su. Akwai wani Jonas da ya mutu a hanyar Figil, kuma ba moto ne ya kashe shi ba, tsohuwar saiwar la'ana ce a gidansu. Bai kira sunana ba. Ba sai ya kira ba. Benci biyu na gabana suka juyo.

Ya ce akwai 'yar gidan da za a cece ta tun da sauran lokaci. Za ta koma gidan 'yan'uwa mata da ke bayan Haikali har a gama tsarkake ta. Bai faɗi kwana nawa ba.

Raïssa tana cikin mawaƙa da farin ɗankwali. Ba ta kalle ni ba. Kuka take yi.

Na san inda ya samu hanyar Figil. Ni na rubuta, a tawa takardar, watan da na fara zuwa. Na rubuta abin da na ce wa Jonas da safen ranar, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Aurélie. Wannan ɗin Papa bai faɗa ba tukuna. Yana hannunsa.

Litinin, 11 ga Maris, da safe

Ta zo ta ajiye abinci, ba ta zauna ba. Ta ce in yi haƙuri, don ni take yi.

Talata, 12 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na hau moto zuwa unguwar Roumdé Adjia wurin Émile. Tare muka yi makarantar mishan, shi dattijo ne a tsohuwar cocinmu. Shekara biyu ban taka gidansa ba, don an ce mana masu tsohuwar coci barci suke yi, zama da su yana kashe wutar mutum. Na same shi a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa.

"Wa nake gani? Alphonse na sama ya sauko wurin matattu? Zauna, kada tsarkinka ya zube."

Na zauna. Na faɗa masa komai, ban da abin da ke cikin tawa takardar. Ya daɗe yana murza gyaɗa a tafin hannu. Sai ya ce, "Wa ya ce a rubuta da Faransanci?"

Na ce Papa.

"To Allah ba ya jin Fulatanci ne?"

Shekara biyu. Ni da na yi lekol. Ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

Ya ce abin da muke ciki sekt ne, wato ƙungiyar asiri. Raina ya ɓaci. Na ce sekt ai masu shan jini ne, masu ba da 'yan'uwansu don su yi arziki. Mu sunan Yesu muke kira, waƙoƙinmu ma wasu irin nasu ne. Ya ce shi ma haka ya ɗauka da can. Ya ce ba ganguna ba ne, ba ihu ba ne, ba sabon suna a jikin allo ba ne, don akwai masu ihu da yawa da ba ruwansu da rayuwar kowa.

"Mu a wurinmu fasto ya yi ba daidai ba, dattawa su zaunar da shi. Bara mun zaunar da namu, har ya yi fushi ya ƙi cin abincina wata guda. Naku wa ke zaunar da shi?"

Bai jira amsa ba, ya ƙara:

"Ka taɓa jin wani ya ce masa a'a, ya dawo mako mai zuwa ya zauna a bencinsa?"

Na tuna mai gyaran rediyo da ya yi gardama a kan azumin kwana bakwai. An rufe masa ƙofa, haka muke cewa. Ba mai gaishe shi, ba mai ci da shi. Matarsa tana nan cikinmu har yau. Na haɗu da shi a kasuwa sau ɗaya, na juya kai ina duba tumatir.

Émile ya ce, "Wurin da ba a iya fita a ci gaba da gaisawa, ba coci ba ne, ko da an rataya gicciye goma."

Na ce masa, amma su suka zo. Da Aurélie ta rasu, ku kun yi mako guda kun watse. Su suka share mini ɗaki, suka kai ni asibiti, suka ba ni aiki, suka ba ni suna. Ya sunkuyar da kai. Ya ce wannan gaskiya ne, laifinsu ne, ba zai musa ba. Ya cika mini leda da gyaɗa.

A hanyar dawowa na sa mai moto ya sauke ni nesa da gida, kada a ga daga inda na fito.

Laraba, 13 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Henriette ta zo. An hana ta zuwa kasuwa mako uku, a ƙasa take zama bayan benci na ƙarshe. Ta rame. Ta zauna ta ce in rubuta tana roƙon gafara, tana roƙon lafiyar ɗanta Jonas.

Na ce, "Henriette, sunan ɗanki Laurent."

Ta waiga ƙofa. Ta yi ƙasa da murya. "Baba, kada ka ja mini. Papa ya ce wannan ne sunansa a sama. A gida ma haka nake kiransa yanzu. Ba ya amsawa, amma zai saba."

Na ɗora bik a kan takarda. Hannun ya ƙi. Na ce mata ciwon gaɓɓai ya tashi, ta nemi wani.

Na faɗa wa sauran ma haka.

Alhamis, 14 ga Maris, da yamma

Raïssa ta kwashe kayanta daga ɗakin da take haya. Wata 'yar'uwa ce ke raka ta ko'ina yanzu, har shago. Tare suka kawo mini abinci. Ta ce, "Ina wuni, Kaka." Ba maigida, ba riga.

Juma'a, 15 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na je ƙonawa. Zafi kamar a bakin tanda. Na tsaya kusa yadda ban taɓa yi ba. Brice ya juye akwatin a wuta da sauri. Ambulan ɗaya ya faɗo gefe, iska ta juya shi. Bakinsa a liƙe yake da farin gam irin na ofis. Mu da yawu muke liƙewa.

Brice ya tura shi cikin wuta da ƙafa. Ya ɗago ya kalle ni. Ya yi murmushi.

Ina tsoro. Bari in rubuta shi sau ɗaya a fili. Ina tsoro.

Litinin, 18 ga Maris, bayan azahar

Papa ya aiko a ɗauke ni. Ofishinsa da sanyi, na'ura tana hurawa. Ya taso da kansa ya zaunar da ni, ya ba ni ruwan sanyi, ya kama hannuna na dama ya shafa masa mai yana addu'a. Hannunsa da taushi. Ya kira ni babansa. In na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya.

Ya ce ya ji hannun yana ciwo. Ya ce ya kuma ji ƙafar lafiyarta lau, tun da ta kai ni Roumdé Adjia.

Ban san wa ya gan ni ba.

Ya ce, "Baba, tsofaffin 'yan lekol kuna da wata al'ada mai kyau. Kuna yin buruyo. Kana ajiye su?"

Na ce ina ƙonawa.

"Duka?"

Na ce duka.

Ya gyaɗa kai. Ya ce Raïssa yarinya ce mai taushin zuciya, tana ƙaunar babanta ƙwarai, akwai abubuwan da in ta ji za su karya ta. Ya ce shi makiyayi ne, yana rufa wa tumakinsa asiri muddin suna cikin garke. Ya ce ran Laraba matan za su dawo, yana da tabbacin hannun ya warke.

Ya raka ni har bakin ƙofa yana riƙe da gwiwar hannuna, kada in faɗi.

Talata, 19 ga Maris, da hantsi

In na yi shiru, zan ci gaba da ganin ta minti biyar a rana da mai gadi a bayanta, har ranar da ya ga dama ya hana. In na yi magana, a rufe mini ƙofa, ya faɗa mata abin nan, in rasa ta gaba ɗaya.

Na share ɗaki sau biyu. Na kasa zama.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Matan sun zo da safe, ban buɗe ba. Na zauna a gefen gado ina jin su suna sallama har suka gaji.

Da yamma Raïssa ta shigo, mai raka ta ta tsaya amsa waya a waje. Na jawo takardar daga ƙarƙashin katifa na sa mata a hannu. Na ce ta karanta layi na huɗu. Na faɗa mata da sauri, ina haki: Henriette Laurent ta ce, ni na yi kuskure, kuskurena ne ya fito daga bakin Papa.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Fuskarta ta canja, amma ba yadda na yi fata ba.

"Kaka, kana ajiye asirin mutane a ƙarƙashin katifa?"

Na ce ba da nufi ba.

"Mata sun amince da kai! Ka san me wannan yake nufi? Papa ya ce za ka zo da takarda. Ya ce saiwar za ta yi magana ta bakinka, za ta kawo hujja. Ya faɗa mini tun ran Asabar."

Ya riga ni.

Na ga ba abin da ya rage mini sai abu ɗaya, kuma gara ta ji daga bakina. Na faɗa mata abin da na ce wa babanta da safen ranar, a kan me muka yi faɗa, da kalmar da na bi shi da ita har bakin titi. Ba zan rubuta ta a nan ba. Na rubuta ta sau ɗaya, ya isa.

Ta tsaya kamar an dasa ta. Ta ajiye takardar a kan tebur a hankali. Ta fita.

Lahadi, 24 ga Maris, tsakar rana

Na je, don kada a ce na gudu. Aka tsayar da ni a gaba. Raïssa aka sa ta faɗi abin da na nuna mata, don doka ce, abin da ɗan'uwa ya faɗa maka a ɓoye sai ka kawo shi haske. Muryarta ba ta fita sosai, Brice ya riƙa maimaitawa da ƙarfi. Ta faɗi maganar buruyo. Ɗayar maganar ba ta faɗa ba. Papa ya jira, ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce shi ke nan.

An rufe mini ƙofa. Mutum ɗari biyu suka juya mini baya a lokaci guda, na ji ƙarar benci. Na bi ta tsakiyarsu da sandata. Hanyar ba ta taɓa yi mini tsawo haka ba. Henriette tana ƙasa a bakin ƙofa, ta janye ƙafarta kada rigata ta taɓa ta.

Na tuna mai gyaran rediyo. Ban ma san inda yake zaune ba yanzu.

Litinin, 25 ga Maris, da yamma

Ba ta zo ba.

Talata, 26 ga Maris, da magariba

Ba ta zo ba. Hajja Halime ta gidan da ke kallon nawa ta ƙetaro da kunun shan ruwa da ƙosai, su suna azumi. Ta ce, "Malam Alphonse, ina 'yar taka mai surutu? Unguwa ta yi shiru." Na ce aiki ya yi mata yawa. Ta dube ni, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce kwanon ba gaggawa.

Moto ya tsaya a ƙofata sau biyu yau, bai kashe inji ba, ya wuce.

Laraba, 27 ga Maris

Ba ta zo ba. Ba wanda ya zo.

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Na ƙona sauran buruyon duka a murhu, ɗaya bayan ɗaya, ban karanta ko ɗaya ba. A kan wannan Raïssa ta yi gaskiya. Hannuna ne ya kai masa matan nan. Ya ce Ruhu, ni na ba shi tawada.

Na manta ko na sha ƙwayar safe. Na ƙirga, ban gane ba.

Juma'a, 29 ga Maris, tsakar rana

Yau ranar da aka gicciye Ubangiji. Daga nan ana hango hayaƙin Haikali in iska ta kwanta. Na yi ƙoƙarin yin addu'a, sai na tarar ina tsara ta da Faransanci kamar mai rubuta wa wani. Na daina. Na fara da yaren dutse, na uwata. Kalmomi kaɗan suka rage mini a ciki, da su na yi.

Émile ya aiko a ce zai zo ya ɗauke ni ran Lahadi. Na ce a'a. In ta zo ba ta same ni ba fa?

Lahadin Ista, 31 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Wajen ƙarfe ɗaya na ji ana buga ƙofa da tafin hannu. Na ɗauka su ne. Na daɗe kafin in tashi.

Ita ce. Ba ɗankwali, takalmi ɗaya ya tsinke, ta riƙo shi a hannu. Ta shigo ta zauna a ƙasa ta jingina da gado tana numfashi. Na ba ta ruwa. Ta shanye, ta miƙo kofin, na ƙara.

Ta ce, "Kaka, ran Laraba na zo gidan nan?"

Na ce ba ki zo ba.

"Ka tabbata? Ba mu ci kifi da kai a kwano ɗaya ba?"

Na ce Raïssa, ran Laraba ko kare bai leƙo ni ba.

Ta yi wata irin dariya marar daɗi. Ta ce abin da na nuna mata ya hana ta sukuni. Ran Alhamis sai ta rubuta a takardar kukanta cewa ta saci jiki ran Laraba ta zo wurina, mun ci kifi tare, tana neman gafara. Ƙarya ce ta shirya, ta liƙe, ta jefa. Ta ce har azumi ta yi tana roƙon Allah kada maganar ta fito.

"Yau ya rufe ido, Kaka. Ya ɗaga hannu. Ya ce ya gan ni a cikin Ruhu, ya ga kwanon, ya ga kifin. Har ya ce ya ga kana dariya."

Ta ce ta miƙe a cikin mawaƙa ta ce, Papa, ban je ba. Ya ce ita ce za ta gyara wa Ruhu magana? Ta ce ba ta san lokacin da ƙafafunta suka fitar da ita ba. Ba wanda ya biyo ta daga cikin matan. Ta ce Henriette ta ɗago kai ta kalle ta, shi ke nan.

Na ce, ɗayar maganar fa, ta babanki?

Ta daɗe tana juya takalmin a hannu. "Wannan ban gama da kai ba. Ba yau ba."

Na ce to.

Ba a yi rabin awa ba moto biyu suka tsaya a waje. Brice da wasu maza biyu. Ya yi sallama da murya mai daɗi, ya ce Papa ya yafe, 'yar'uwa ta fito su mayar da ita, kayanta da katinta na ɗan ƙasa suna can. Raïssa ta rarrafa bayan gado ta ce in ce ba ta nan.

Na jawo kujera na sa a bakin ƙofa na zauna, na gitta sandata. Na ce, "Tana nan. Ba za ta fito ba."

Na sake faɗa da ƙarfi.

Brice ya ce ba da ni yake magana ba, ni an rufe mini ƙofa. Na ce wannan ƙofar tawa ce. Ya matso taku biyu. Sai Hajja Halime ta fito da tabarma ta shimfiɗa a ƙofar gidanta, ta zauna tana tsince shinkafa tana kallon su. Mai shagon kusurwa ma ya fito ya tsaya.

Sun koma ƙarƙashin dalbejiya. Har yanzu suna can, Brice yana ta waya. A kan gwiwata nake wannan rubutu, shi ya sa layin ya karkace. Ban san abin da za su yi ba, ban san abin da zai faɗa a kaina Lahadi mai zuwa ba. Bayana yana ciwo, ina jin fitsari, rana ta juyo tana dukan ƙafafuna.

Tana ciki, ina jin ta tana neman allura ta gyara takalminta. Ba zan tashi ba sai sun tafi.